Taliya Ba Gishiri

Ina soya kabeji da albasa Midhat ya shigo ɗakin girkinmu, babu zoben baikonmu a yatsansa. Na yi kamar ban gani ba. Na juye taliya a kai, na cika masa faranti.

"Ci mana, da zafinta ka fi so."

"Na ƙoshi, Narmin."

Ya kasa haɗa ido da ni. A nan Iskandariyya, ɗan mutunci ba ya cin gishirin gidan da zai juya wa baya.

"Mamarka ce ta ƙi?"

Ya gyaɗa kai.

Na tura masa farantin.

"Ci abinka, Midhat. Ban sa gishiri ba. Tun safe ƙanwarka ta faɗa min."