Birki a Bakin Layin Tsere

Kai da jininka ke tafasa da gaggawa, ɗan ja kujera ka ji labarin wani direba.

Mutumin nan gwanin wasan mota ne, irin waɗanda ake gayyata wurin biki su yi ta murza sitiyari har taya ta yi hayaƙi. A wajensu hayaƙi ado ne, kukan taya kirari ne, birki kuwa abin kunya. Duk wanda aka ga jar fitilar bayansa ta kama a bakin layi, to ranar ya shiga bakin 'yan kallo. Shi kuwa har ya yi furfura a fagen nan ba a taɓa ganin tasa ba, shi ya sa yake cika baki cewa ƙafarsa ta dama ta fi kan wasu hankali. Ana nan sai wani attajiri abokinsa ya shigo da wata mota daga ƙasar waje, gajeruwa mai faɗin ƙirji, wadda in ta yi gurnani a haƙarƙarinka za ka ji shi. Aka shirya tsere a wani tsohon filin jirgin sama da aka daina amfani da shi. Mota biyu ne a miƙaƙƙen layi, za a yi gwaji tukuna sannan a yi na gaske. Da attajirin zai miƙa masa makulli, ya gaya masa cewa motar tana da nata salon tashi. A danna wani maɓalli, a take birki da ƙafar hagu har ƙasa, a take totur da ta dama har ƙasa, a jira, sannan a saki birkin lokaci guda. Ƙwaƙwalwar motar ce za ta auna wa tayoyi ƙarfin da kwalta za ta iya ɗauka. Gogan naka ya yi murmushi kawai, a ransa yana cewa yau ga mai kanti zai koya wa direba tuƙi.

Da aka sauke tutar gwaji, ya yi abin da ya saba, ya narka wa totur ƙafa. Motar ta kurma ihu, tayoyi suka yi ta wulwulawa a wuri ɗaya, bayanta na karkaɗawa, hayaƙi ya turnuƙe filin. 'Yan kallo suka ɗauki shewa. Amma da hayaƙin ya washe sai shewar ta mutu, don abokin karawarsa ya riga ya zama ɗan ɗigo can nesa. Attajirin bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kawai in haka za a sake, gara ya ba wani makullin. Wannan magana ta soki direban fiye da zagi. A karɓe masa makulli a gaban yaran da shi ya koya wa riƙon sitiyari? Sunan da ya kwashe rayuwarsa yana ginawa ke nan zai zube a tsakar rana.

Ya koma bakin layi. Ya danna maɓallin, ya ɗora ƙafar hagu a kan birki, jar fitila ta kama a baya. Nan take fili ya ɗauka: "Baba ya tsorata! Baba ya taka birki!" Kunya ta rufe shi, amma bai ɗaga ba. Ya taka totur har ƙasa, abin da tun yana koyon mota aka ce masa kashe inji ne a haɗa su biyun. Sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Allurar inji ta hau, ta kai wani wuri, ta tsaya cak. Injin ya riƙe murya ɗaya yana ruri, motar ta ɗan durƙusa tana makyarkyata a ƙarƙashinsa, ƙarfin da zai iya tsinka ƙarfe yana taruwa, amma ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Tuta ta sauka, ya zare ƙafar hagu. Ba hayaƙi, ba kukan taya. Ji ya yi kawai an maka bayansa da kujera, hularsa ta faɗa baya. Tayoyin sun damƙi kwalta, ba su yi asarar juyi ko ɗaya ba. Mutane da bishiyoyin gefen fili suka narke suka zama zane ɗaya, salati ya kuɓuce daga bakinsa ba tare da ya yi niyya ba. Kafin ya gama shi ya tsallake layin ƙarshe, abokin karawarsa na can baya a cikin madubi.

A ƙarshen filin ya tsaya, ya kashe inji, ya daɗe bai fito ba. Idonsa ya ciko da ƙwalla, yana tasbihi ga Allahn da ya sanar da ɗan Adam yadda zai ɗaure irin wannan ƙarfi ya kuma sake shi da awo. Ashe ƙarfin nan duk yana nan tun a gwaji, shi ne ya ƙone shi a banza don ya burge masu shewa. Waɗanda suka yi masa ihun tsoro kuwa su ne suka fara isowa a guje, suna rige-rigen buɗe masa ƙofa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.