Miyar da Ba Ta Dahu Ba

Ina ɗaga murfin tukunyar lantarkin, wari ya buge ni. Naman sa da dankali da karas suna nan ɗanyu, awa takwas bayan matata ta zuba su ta tafi aiki. A hankali tukunyar take dafa miya, shi ya sa ta roƙe ni kada in taɓa ta. Ni kuwa na zare ta daga soket na yi guga, na manta ban mayar ba.

Na zubar da komai, na ruga gidan abincin bakin titi na sayo miyar nama, na juye a ciki.

Da ta dawo ta ɗanɗana, sai idonta ya ciko da ƙwalla. Na zaci asirina ya tonu.

"Maigida, ka yafe mini," ta ce. "Wata shida ke nan a bakin titi nake sayo miyar nan in juye a tukunya. Yau na fara dafawa da hannuna. Ka ga ikon Allah, ta fito sak irin tasu!"



Ta ɗauki waya tana neman lambar mahaifiyata. "Bari in gayyato Mama. Gobe ita zan dafa wa."