Littafi na Sha Biyu

"To, sai me ya faru?" tsohon ya tambaya.

'Yarsa ta kife takardun a cinya. Nan rubutun ya tsaya: kumbo ya iso bakin duniyar da matuƙinsa ya shekara arba'in yana nema. Littattafai goma sha ɗaya mahaifinta ya rubuta kan wannan tafiya, na sha biyun nan da ke hannunta ya gagare shi ƙarasawa. Har yau wasiƙun masu karatu na zuwa gidansu a Ohio suna tambayar ƙarshen. Yanzu a gidan kula da tsofaffi ya manta shi ne marubucin, ita kuma kallon ma'aikaciya yake mata. Wata uku ke nan tana karanta masa su ɗaya bayan ɗaya.

"Marubucin bai ƙarasa ba," ta ce.

"Ragon banza!" Ya ture kofin gahawarsa. "Ƙarshen ai a fili yake."

Ta girma tana jin ƙarar tafiretarsa daga nesa, ba ta taɓa samun fuskar tambaya ba. Ta lalubo biro a jaka.

"Faɗa min, yallaɓai. Matuƙin ya sauka?"

"Ya sauka ina? Juyawa zai yi. Ba ki lura ba? Tun littafin farko ya bar ƙaramar 'yarsa a bakin taga. Duk yawon nan kunyar komawa ce."

Biron ya tsaya a hannunta.

"Kina ganin har yanzu tana jiransa?" ya tambaya.

"Tana jira, Baba," ta ce. "Ci gaba."