Lambar Yabon Svetozar

Radoje ba ya kurɓar kofi a dandalin ƙauye sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yi ajiyar zuciya. Kowa ya san abin da ke tafe: mahaifinsa, marigayi Svetozar, sojan sama ne a yaƙin duniya na biyu.

"Naka uban fa, maƙwabci, a laka ya ƙare yaƙinsa yana jan ciki," in ji shi ga Gvozden.

"Ƙwarai. Naka kuma ko tsani bai taɓa hawa ba, mu muke gyara masa rufin ɗaki."

"Wanda ya taka gajimare, ina ruwansa da tsani?"

Shi tsoho Svetozar, da yake raye, bai cika magana ba. In aka tambaye shi yaƙi, sai ya yi murmushi ya ce, "Svetozar kam jarumi ne, harsashi ma bai hana shi kalaci ba." Sai ya koma juya tukunyar kabejinsa, wadda kullum ta isa ta ciyar da gari guda. Naman akuya ne kawai bai taɓa sawa a baki ba.

Da majalisar ƙauye ta tashi raɗa wa sabon titi suna, Radoje ya miƙa na ubansa. Gvozden ya ce a kawo shaida tukuna.

Radoje ya tafi Belgrade, ya yi ta shaƙar ƙurar tsofaffin takardun soja, har ya samo: Svetozar ya tashi sama ba adadi, ya ji rauni a ƙafa, an ba shi lambar yabo. Cewa tsohon bai taɓa ɗingishi ba, wannan bai dame shi ba. Hoto kuma aka ce zai biyo baya.

Da hoton ya iso, ya ƙi buɗe ambulan sai ranar bikin waliyyin gidansu, gaban kyandir, gaban 'yan majalisa. Ya miƙa wa fada, limamin cocinsu.

Fada ya gyara tabarau, ya karanta bayan hoton: "Mai kawo mana sa'a a kowane tashi. Bisa al'adar runduna, mun sa shi a rajista da sunan mai ciyar da shi."

Ya juya hoton. Gvozden ya leƙa, ya ƙware da barasa.

Ga tsohon nan tsaye gindin jirgi, da ludayi da rigar kuku, yana rungume da wani ɗan bunsuru mai ɗaurarriyar ƙafa, lambar yabon tana reto a wuyan bunsurun.