Mai Taɓa Kwalaben Mahtab

"Ajiye kwalbar nan!"

Tabassum ta daskare. Mahaifinta, tsoho Mahtab, ya fito daga bayan tukunyar tagulla ta dafa turare inda ya laɓe tun azahar. Ya daɗe da lura ana taɓa masa kwalabe, musamman turaren nan mai ƙamshin ƙasa da fure da ya gada daga kakansa, wanda duk garin Kannauj na Indiya babu mai irin haɗinsa. Ya zargi ma'aikata, ya zargi 'yan Delhi masu sayen sirrin mutane su liƙa masa sunan sarakunan zamanin da. Bai taɓa kawo 'yarsa a rai ba.

"Ashe ɓeran na gida ne. Nawa suka ba ki?"

"Abba, ba haka ba ne."

"To me kike ɗigawa a ciki?"

Ta ɗauko wata kwalba ta miƙa masa. "Shinshina, ka faɗa mini abin da na ɓata."

Ya lumshe ido, ya ja numfashi.

"Kin cika masa fure, kin kashe ƙamshin ƙasar. Ni za a yi wa wayo?"

Idanunta suka ciko da ƙwalla. "Abba, ruwan randa ne zalla. Tun zazzaɓin bara hancinka ya daina ji. Duk abin da ka haɗa, sai ka tafi masallaci nake gyarawa."

Mahtab ya ajiye kwalbar.

"Wa kuma ya sani?"

"Babu kowa."

Ya jawo kujerar aikinsa, ya tura mata.

"Zauna. Faɗa mini, furen yau ya yi ƙamshi kuwa?"