Hannun Auta

Ana kashe fitilun zauren, yara suka kaure da ihu, irin ihun nan na jin daɗi da suke yi in duhu ya same su a cikin taro. Malama ba ta ga abin daɗi ba. Ta laluba gefenta, ta kamo hannun Auta ta riƙe gam.

Ranar makarantu ce a cibiyar al'adu. Duk mako akan kwaso ɗalibai a motoci su zo kallon wasan kwaikwayo, makaranta biyu a zaure ɗaya. Yau masu shuɗin kaya ne a dama, masu kore a hagu, malamansu a bakin layuka. A ƙofa ba a tambayar babba tikiti. In dai ka shigo cikin ayarin yara, sannu da zuwa kawai za a yi maka. Haka sabuwar ma'aikaciyar ƙofa ta yi mata: "Malama, ga kujera can." Ta zauna daidai inda shuɗi ya haɗu da kore, kusa da yarinyar.

"Auta, kada ki motsa daga nan," ta raɗa mata. Yarinyar ta ɗago ta dube ta, ta mai da ido kan dandamali. Yara ke nan, in ganga ta tashi ko sunansu ba sa amsawa.

A kan dandamali akuya ce ke neman ɗanta, kura na laɓe bayan wata bishiyar kwali. Ba kurar ce ta dami Malama ba. Mutumin da ke tsaye jikin bango ne.

Dogo ne, da ƙatuwar jaka a kafaɗa, kuma ya ƙi zama. Kowa na kallon wasa, shi yana kallon yara. Yana bin kawunansu da yatsa, leɓɓansa na motsi, kamar mai zaɓen kaji a kasuwa. Da yatsan ya iso kan Auta sai ya tsaya. Ya dubi yarinyar, ya dubi Malama, ya daɗe bai ɗauke ido ba.

Malama ta ƙara matse hannun Auta. Ta san abin da cunkoso ke yi wa yara, ba labari aka ba ta ba. Ana tashi za a ruga ƙofa gaba ɗaya, a tura nan a tura can, hannu ya zame daga hannu, shi ke nan. Ka juya ka ga yara rututu da kaya iri ɗaya, naka babu. A irin wannan lokacin ne mugu ke cin kasuwarsa.

Ta sake waigawa. Ya baro bango. Ya sunkuya yana yi wa malamar masu kore magana a kunne, ita kuwa sakarya sai girgiza kai take, tana nuna masa layinsu da haɓa. Wai nuna masa take! Tsoro ya kama Malama.

'Yan wasan cibiyar suna da wata al'ada: in wasa ya kai tsakiya, kura takan diro daga dandamali ta shiga cikin 'yan kallo tana gurnani. Ai kuwa ta diro. Zaure ya hargitse, wasu suka haye kujeru, wasu suka shige ƙarƙashi, ana kuka ana dariya. A cikin wannan hayaniyar Malama ta hango dogon nan yana ratso yara, ya nufo su kai tsaye.

Ba ta tsaya shawara ba. Ta fizgi Auta, ta bi ta ƙaramar ƙofar da ke gefen dandamali.

"Ba a gama ba! Ki sake ni!" in ji yarinyar tana tirjewa.

"Yi shiru, wannan karon ba mai raba ni da ke."

Lungu ne mai warin fenti, an rataye kawunan dabbobi a ƙusoshi. Ta yi tuntuɓe da ganga, ta tashi, ba ta saki hannun ba. A bayanta taku na matsowa, wata murya na cewa a tsaya. Ta banke ƙofar ƙarshe, rana ta haske mata ido.

Tsohon mai gadin ƙofar baya na zaune a bencinsa. Yana ganinta ya miƙe, ya ja ƙyaure ya rufe a hankali, ya tsaya a gaba.

"Baba, ka buɗe! Ɓarawon yara ne, wallahi ya biyo mu!"

Bai buɗe ba. Kallonta kawai yake, idonsa cike da tausayi.

Dogon ya fito yana haki, malamar masu kore na biye. Jakarsa ta suɓuce, gorunan ruwan yara suka watse a ƙasa. Yarinyar ta murɗe hannunta ta ƙwace, ta ruga ta ƙanƙame ƙafarsa tana kuka.

"Malam, ni ban san ta ba! Sai ce mini take Auta!"

"Na ɗauka malamarku ce," dogon, malamin masu shuɗi, ya ce wa malamar masu kore.

"Mu ma mun ɗauka taku ce."

Tsohon ya dafa kafaɗar matar, wadda ke tsaye tana kallon tafin hannunta.

"Ku bi ta a hankali, ba malamar kowa ba ce," in ji shi. "Auta sunan 'yarta ne. A ƙofar zauren nan hannunta ya zame shekarun baya, kuma har yau ba a gan ta ba."