Furen Bimol da Wayar Ƙaya

Bimol marowaci ne, kuma rowarsa ce ta ci shi.

Ba shi da kowa sai shukar gandaraj mai farin fure. Kullum da sassafe tsohuwa Shefali, maƙwabciyarsa, takan tsinki biyu don ibadarta.

"Ɓarauniya!"

"Haba Yaya Bimol, da furen za a ƙone gawarka?"

Ya kewaye shukar da wayar ƙaya. Shefali ta ɗauke ƙafa. Ganye ya yi rawaya, fure ya zube.

Ya leƙa ta katanga. "Baki kika yi mata?"

"Ina! Dā kullum tukar shayina nake zuba mata a gindi. Yanzu kwata ke sha."

Shukar ta bushe. Yau Bimol yana tashi da sassafe, ba fure, ba wadda zai zaga.